Shafin da Ya Rage a Littafin Sadiqa

Assalamu alaikum ƴan uwana masu bin wannan shafi. Na ga saƙonninku. Na ga masu cewa Zahra ta samu miji ta watsar da mu, har da wadda ta rubuto tana tambayar kalar anko. Ku yi haƙuri da ni. Sati bakwai ke nan ban rubuta komai ba, kuma ba daɗin soyayya ne ya riƙe ni ba. Yau zan faɗa muku abin da na aikata, don na gaji da ɗaukarsa. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Fatimatuzzahra, malamar aji uku ce ni a wata firamare a nan Batsari. Wanda nake so sunansa Musbahu, mahauci ne, yana gasa balangu da tsire kusa da tasha. Shekara guda cur na yi ina fama da Ummata kafin ta yarda da shi. Kullum cewa take, duk samarin ofis da ke garin nan na rasa wanda zan kwaso mata sai mai ƙaurin hayaƙi. Abin da ya karya ta shi ne kwanciyar da ta yi a asibiti bara. Sati biyu yana aiko mata da romon ƙashi a kula, bai taɓa shiga ya ce ga ni ba. Da ta warke ta ce, "To, ya turo manyansa."

Musbahu bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, ajaminsa ya fi rubutuna kyau, amma boko ko sunansa sai an nuna masa. Shi ya sa duk hirarmu ta waya saƙon murya ce. Kuma bawan Allah bai iya gajeren saƙo ba. Minti biyar, minti bakwai, ina jin ƙarar wuƙa a kan katako, ina jin yana cewa wani "a sa maka yaji?" sannan ya dawo kaina kamar bai tafi ba. A wayata Sarkin Fawa na rubuta masa, shi kuma ko cikin wasa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malama.

Su mutanen Runka ne. Shekara biyu da suka wuce suka taso suka dawo Batsari saboda ɓarayin daji. Yayansa Ɗanjuma yana cikin masu sintirin tsaron ƙauyen a lokacin, don haka mutanen daji sun san sunansa, har sun aiko cewa suna nemansa. Sai aka baza a gari cewa ya tafi Kudu ci-rani. Ni ma abin da na sani ke nan. Matarsa Hansai da ɗiyarsu Sadiqa suna zaune a gidan su Musbahu. Shi da kansa ya riƙo hannun yarinyar ya kawo ta ajina, da farin hijabinta da ya yi mata yawa, ya ce, "Malama, ga amanata. Ki zuba mata abin da ni ban samu ba."

To ga inda girman kaina ya shigo.

Ni ina ganin na iya koyarwa, kuma ban ɓoye wa kowa hakan ba. Da muka zo darasin jimla, na ƙi bin misalan littafi, don yara haddace su suke yi ba su fahimta ba. Sai na samo kwalayen taliya na yayyanka su dogo-dogo. In rubuta jimla a kai, in ɗaga almakashi, in tambaye su, "Wa ake magana a kansa?" Su amsa. "Me aka ce ya yi?" Su amsa. Sai in datse kwalin gida biyu, yaro ɗaya ya riƙe yankin suna, ɗaya ya riƙe yankin aiki, su tsaya nesa da juna. Ajin ya ga kowanne shi kaɗai bai cika magana ba, sai sun matso sun haɗa kafaɗa. Yara suna son wasan nan sosai. Kuma dokata ita ce kowa daga gidansu zai kawo jimla. Akuyarmu ta haihu. Innata ta soya ƙosai. Ƙanena ya faɗa kwata.

Malam Nurain, dattijon da ke koyar da aji biyar, ya taɓa tsayawa a tagata ya saurara. Da aka tashi tara ya kira ni gindin darbejiya.

"Malama Zahra, dabarar nan taki ta yi kyau. Amma a nan ba mu tambayar yaro labarin gida."

"Saboda me, Malam?"

"Rabin ajinki ƴan gudun hijira ne. Wa ya sai da sa, wa ya yi tafiya, wa ya dawo, duk ba maganar aji ba ce. Yaro bai san abin da ake rufewa ba. Ki bar su da akuya da kaza."

Na ce to, na gode. A raina kuwa cewa na yi, tsoho ne, ya saba da karanto littafi yana gyangyaɗi, sabon abu ne ba ya so. Allah ya gani, haka na ce.

Ranar wata Litinin, farkon kaka, aka ce jami'in duba makarantu yana zagaye. Na sa atamfata ruwan toka da mayafi baƙi, na goge takalmi, na sayi alli mai kala da kuɗina. Mutumin ya shigo ya zauna a bayan aji da takardarsa. Yara kuwa, da suka ga baƙo, duk suka koma gajerun jimloli. Kare ya gudu. Ruwa ya zube. Ni kuma so nake a samu doguwa, mai yankin aiki da zai cika allo, baƙo ya san ana aiki a ajin nan.

Sai Sadiqa ta ɗaga hannu. Yarinyar da sai ta yi sati ban ji muryarta ba.

"Babana yana zuwa gonarmu ta Runka kowace Laraba da asuba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, wani abu ya soke ni. Na ce a raina, ba an ce yana Kudu ba? Amma na hango jami'in yana gyaɗa kai yana rubutu, sai na ture tunanin. Na ce a tafa mata. Aka tafa, tana murmushi tana rufe fuska da hijabi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce, "Amma in kowa ya rubuta 'babana', ai kowa nasa uban yake nufi. Yankin suna yana so a san ko wane ne. Sadiqa, mene ne sunan babanki?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗiyar ƙauye ce mai tarbiyya, ba za ta kama sunan ubanta a gaban mutane ba. Na sake tambaya, ta ƙi. Sai na yi dariya na ce, "Bari in taya ki, ai na san shi." Na ɗauki farin alli na rubuta da hannuna: Malam Ɗanjuma na Runka. Na ɗauki ja na ƙarasa: yana zuwa gonarsa kowace Laraba da asuba. Na ja layi a ƙarƙashin kowane yanki. Na ce kowa ya kwafa, kuma aikin gida shi ne a karanta wa mutanen gida a nuna musu inda jimla ta rabu. Yara hamsin da takwas suka kwafa. A littafin Sadiqa na buga mata maki da jan biro, na rubuta "Madalla" har da tauraro.

Jami'in ya yaba mini a gaban hedimasta. Don daɗi na rubuta "Kada a goge" a gefen allon. Ajina ba shi da ƙofa, da yamma samari suna zama a ciki, masu wucewa suna ratsawa. Kwana uku rubutun nan yana nan.

Larabar farko ta wuce lafiya. Laraba ta biyu ina cikin aji wayata ta yi ƙara a jaka. Saƙon Musbahu ne, babu ƙarar wuƙa, babu hayaniyar tasha, sai iska da kukan babur.

"Malama, ina kan hanyar Safana. An tare Yaya Ɗanjuma a gona. Ki yi mana addu'a."

Kafin azahar an kawo gawarsa Safana, an yi masa sutura. Ashe bai taɓa zuwa Kudu ba. A Safana yake ɓoye a gidan wani abokinsa, yana satar jiki sau ɗaya a sati ya je ya duba geronsa, don shi ne abincin gidan na shekara.

Ko a lokacin ban haɗa abin da kaina ba, ko kuwa na ƙi haɗawa. Sai da muka je ta'aziyya ni da Umma. Hansai tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta lulluɓa da wani tsohon zane, idanunta sun bushe. Wata tsohuwa ta tambaye ta yadda aka yi suka san ranar. Hansai ta ce, "Inna, ni ma abin da ka ci mani rai ke nan. Mu ukku muka sani. Ni, da Musbahu, da Yero mai kai shi bisa babur. Ko ɗiyar ga ba mu hwaɗa mata ba."

Ba su faɗa mata ba, amma yaro yana da kunne. Na waiwaya na ga Sadiqa a bakin ƙofa tana kallona, ta ɗan yi mini murmushi don ta ga malamarta a gidansu. Ban iya mayar mata ba.

Ban sani ba ko daga allona maganar ta fita. Har gobe ban sani ba. Wataƙila wani ne ya gan shi a hanya, wataƙila sun daɗe suna fakonsa. Na faɗa wa kaina haka sau ɗari. Amma na san littafi hamsin da takwas sun shiga gida hamsin da takwas, kuma ni na ce a karanta da ƙarfi.

Kun san abin da na yi? Ban je na faɗa wa kowa ba. Washegari na ce kowa ya kawo littafin Hausa zan duba. Na cika buhu na ɗora wa mai babur zuwa gida. Na zauna a ɗaki da rula ina yage shafin ɗaya bayan ɗaya, a hankali yadda ba za a gane ba. Na sami hamsin da bakwai. Na Sadiqa ne babu, don tun rasuwar ba ta dawo makaranta ba.

Ina cusa takardun a murhu Umma ta fito daga banɗaki da buta. Ta ɗauki ɗaya da bai kama ba, ta karanta, don ita ta yi firamare. Ta kalle ni. Na faɗa mata komai ina kuka.

Sannan ta jefa takardar a wuta ta tura da itace.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"To ki ci gaba da haka. Kwana ya ƙare, ba allinki ya kashe shi ba."

"Umma, amma Musbahu..."

"Musbahun da kika hana ni barci shekara guda a kansa? Na haɗiye maganata na karɓi mahauci, dangi sun gama yi da ni, yanzu kuma ki sa a ce mahaucin ne ya fasa? Ki bar wannan ma. Kin san garin nan. In aka ce daga ajinki magana ta fita zuwa daji, ba wanda zai tsaya ya ji cewa darasi ne. Ni ke kaɗai gare ni, Zahra."

Tsoro ne a muryarta, ba mugunta ba. Na yi shiru, kuma shirun ya yi mini daɗi, wannan shi ne abin kunyar.

Sai dai shiruna ya faɗa kan wani. Mutane suka ce in mutum uku suka sani, matarsa ba za ta bayar da shi ba, ƙanensa ba zai bayar da shi ba, to saura wa? Yero magidanci ne mai ƴaƴa biyar, tare suka tashi da Ɗanjuma, shi ya ɗauko gawarsa daga gona. Cikin sati biyu ba mai hawa babur ɗinsa a Safana. An jefi ƙofarsa da dutse. Musbahu da kansa ya ce mini a saƙo, "Na haɗu da Yero a kasuwa, ya miƙo mani hannu, na kasa amsa. Allah ya yahe mani in bai yi ba, amma na kasa." Na saurari saƙon nan sau uku, na mayar masa da hoton hannaye biyu na addu'a. Iyakar abin da na yi ke nan.

Malam Nurain bai taɓa ce mini komai ba. Ya daina tsayawa a tagata kawai. Ni kuma na koma misalan littafi, kwalayen taliya suna ƙarƙashin gadona.

An yi sadakar arba'in makon jiya. Manyan Musbahu suka aiko cewa ranar Asabar mai zuwa za su zo a sa rana, don marigayin ma burinsa ke nan. Umma ta sa an yi wa zaure farar ƙasa, ta sayo sabuwar darduma, ta aika a yi cincin da dubulan. Duk sanda muka haɗa ido sai ta ɗora yatsa a leɓe, kamar tana sosawa.

Jiya bayan la'asar Musbahu ya zo zance, karon farko tun rasuwar. Na sa doguwar riga ruwan ƙasa, ban yi kwalliya ba sai kwalli. Ya rame, shaddarsa ruwan sama ta yi masa yawa a kafaɗa, hularsa ba kari. Ya zauna a kan sabuwar dardumar, ya ajiye ledar balangu ta Umma kamar kullum. Muka gaisa. Ya tambayi Umma, ya tambayi yaran makaranta, na yi masa ya ƙarin haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki. Har ya ɗan tsokane ni cewa amarya ta fi ango ramewa.

Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro littafi a lanƙwashe. Bangon shuɗi, kusurwa ta cinye. Tun kafin ya miƙe shi na gane.

"Malama, wata alfarma na zo nema. Sadiqa ta ce akwai inda ta yi rubutu a kan babanta, har kika sa aka tafa mata. Kullum da littafin ga take kwana. Hansai tana takaba, ba ta fita, kuma ita ma ba ta karatu. Ta ce in zo ki karanta mani, in haddace in kai mata. Ta ce ko ba komi ta ji abin da ɗiyarta ta ce a kansa yana raye."

Ya buɗe shafin da kansa, don jan tauraron ya nuna masa wurin. Ya juyo da shi gabana ya ɗora yatsa a kai.

Ƴan uwa, layi biyu ne kacal. Kuma mutumin nan ba zai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Da na ce an rubuta "Babana yana so na, yana saya mini alawa", da ya yarda, ya kai wa Hansai ta yi kuka ta ji sanyi, Asabar a sa rana. Har na shirya jimlar a bakina. A bayan ƙofar zaure na ji Umma ta yi gyaran murya, na san tana tsaye.

Na kalli yatsansa. Akwai tsohon yankan wuƙa a kai. Yatsan yana kan sunan yayansa, shi bai sani ba. Sai na tuna hannun Yero da ya miƙa a kasuwa.

Na karanta masa yadda yake. "Malam Ɗanjuma na Runka yana zuwa gonarsa kowace Laraba da asuba."

Bai motsa ba. Ya ce, "Sake."

Na sake.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan a hankali ya ce, "Sadiqa ba ta kama sunan babanta. Ko ni ban taɓa ji ba."

"Ba ta kama ba. 'Babana' ta ce. Ni na sa sunan."

"A littafinta?"

"A allo."

Ya ɗago ya kalle ni. Da ya yi faɗa da na fi so. Ya tambaye ni kamar mai tambayar hanya, "Yara nawa ne a ajin, Malama?"

"Hamsin da takwas. Kuma na ce su karanta a gida."

Na faɗa masa sauran, gargaɗin Malam Nurain, da "Kada a goge", da rula, da murhu. Ban rage komai ba sai sunan Umma. Yana saurare yana shafa gefen littafin da babban yatsa. Da na gama ya rufe shi, ya mayar aljihu, ya danna maɓalli. Ya tashi ya sa takalmi.

"Kwana arba'in," ya ce. "Kwana arba'in ina juya wa Yero baya, kina ji."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, na ɗauka zai juyo. Sai ya ce, "A gai da Umma," ya fita. Ban ji ya tayar da babur ba sai da ya tura shi har kwanar layi.

Umma ta shigo zauren, ta kalle ni, ta kalli ledar naman. Ba ta zage ni ba. Ta naɗe sabuwar dardumar ta shige ciki, tun jiya ba ta yi mini magana ba. Cincin yana nan a bokiti an rufe da tire.

Ban yi nadamar karanta masa gaskiya ba. Nadamata ita ce sai da aka kawo mini shafin har gida, aka ɗora yatsa a kai, sannan na iya.

Yau da hantsi, ina tsaye gaban allo, wayata ta yi ƙara. Sarkin Fawa. Saƙon murya ne kamar kullum, sai dai mutumin da, in ban da ranar rasuwar yayansa, bai taɓa aiko mini da abin da ya gaza minti huɗu ba, yau daƙiƙa tara ya aiko. Na tashi yara, na dawo gida, na yi sallah, na rubuta muku duk wannan, wayar tana kife a kan cinyata. Har yanzu ban danna ba.